Me ya haɗa sarakunan yaƙin Japan da gidajen ibada?

Tambaya: Malam, na karanta cewa wani sarkin yaƙi na Japan mai suna Oda Nobunaga ya ƙone wani babban gidan ibada har da mutanen cikinsa, kuma ya yi shekara goma yana yaƙi da manoma mabiya addinin Buddha. Addinin da aka ce ya hana kashe ko kiyashi, yaya aka yi mabiyansa suka ɗauki bindiga? Shi kuma Nobunaga, ƙin addini ne ya sa shi wannan ta'asa?

Ɗan'uwa, abin da ka karanta ya faru, duka biyun. A 1571 Nobunaga ya ƙone Enryakuji da ke kan dutsen Hiei, kuma daga 1570 zuwa 1580 ya yi ta gwabzawa da mabiya gidan Honganji. Sai dai akwai kalmomi biyu a tambayarka da za su sa ka zana hoton da ba shi ba ne a zuciyarka, wato "gidan ibada" da "manoma". In muka warware su, sauran bayanin zai zo da sauƙi.

Mu fara da Enryakuji. Wani malami mai suna Saicho ne ya kafa shi a 788, a kan dutsen da ke arewa maso gabashin Kiyoto, birnin Sarki. Ɗaruruwan shekaru sarakuna da manyan fada suna ba shi kyautar gonaki da ƙauyuka, galibinsu ba sa biyan haraji, kuma jami'in hukuma ba ya da ikon taka su. Kafin a kai zamanin da kake tambaya, gidan ya zama hukuma a cikin hukuma. Akasarin masu ba da bashi da karɓar jingina a Kiyoto a ƙarƙashin inuwarsa suke, haka masu dafa giyar shinkafa da dama. Yana karɓar kuɗin fito a hanyoyin da suka bi ta tafkin Biwa. Yana da mutane masu makamai, waɗanda yawancinsu barori ne da ƙananan malamai da masu kula da gonaki, ba masu zaman karatu ba. In fada ta yi abin da bai gamshe su ba, sai su saɓo akwatin da suka yi imani abin bautarsu yana ciki, su sauko birni da shi, su ajiye a bakin hanya su koma. Ba wanda zai iya taɓa shi, ba kuma wanda zai iya barci yana nan, dole a biya musu buƙata. Ana ruwaito cewa Sarki Shirakawa, wanda ya rasu a 1129, ya ce abu uku ne suka fi ƙarfinsa: ruwan kogin Kamo, da ƙwayar caca, da malaman kan dutse.

Kuma waɗannan gidaje ba su bar junansu ba. Mutanen Enryakuji sun ƙone maƙwabcinsu Miidera ba sau ɗaya ba. A 1536 sun sauko da rundunar taimako suka ƙone manyan gidajen ibada 21 na ɗariƙar Nichiren a Kiyoto, gobarar ta cinye kudancin birnin. Wato wuta ta riga Nobunaga shiga harkar addini a Japan da ɗaruruwan shekaru. Hujjar da suke kafawa kan haramcin kisa kuwa ita ce kare koyarwar Buddha daga waɗanda suka kira maƙiyanta, kuma wanda ke da gona da shingen karɓar kuɗi ba ya rasa wanda zai kira maƙiyi.

Wannan shi ne tsohon salo. Abin da ya fi ba sarakunan yaƙi wahala sabon abu ne, kuma a nan zan fi daɗewa, domin shi ne ainihin amsar tambayarka.

Shinran, wanda ya rayu daga 1173 zuwa 1263, a Enryakuji ya yi karatu, sannan ya bar dutsen. Abin da ya koyar shi ne zamani ya lalace, ɗan Adam ba zai iya ceton kansa da ƙoƙarinsa ba, ko da azumi ko da karatu ko da gina haikali. A aƙidarsa, Amida Buddha ya riga ya ɗauki alkawarin kai duk wanda ya dogara gare shi zuwa Ƙasa Mai Tsarki, wato aljannarsu, don haka ambaton sunansa, "Namu Amida Butsu", godiya ce kawai. Ka auna yadda wannan magana za ta sauka a kunnen masunci, da maharbi, da ɗan kwale-kwale, da sojan haya, mutanen da tsofaffin malamai suka gaya musu cewa sana'arsu ta kisa ta riga ta rufe musu ƙofa. Shinran ya kuma yi aure ya haihu, abin da ya sa shugabancin gidansa, Honganji, ya zama gado daga uba zuwa ɗa. Ka riƙe wannan, zai dawo.

Kusan shekara ɗari biyu Honganji ƙaramin gida ne mai fama da talauci, har Rennyo, shugaba na 8, ya hau. Da mabiyansa suka fara yawa, mutanen Enryakuji suka rushe gidan a 1465, shi kuma ya sha da ƙyar. A 1471 ya kafa sansani a Yoshizaki, a lardin Echizen kusa da iyakar Kaga, a gaɓar tekun arewa. Daga can ya riƙa rubuta wasiƙu da harshen da talaka ke ji, ana karantawa a bainar jama'a. Ya tsara mabiya ƙungiya-ƙungiya, ana kiran kowace ƙungiya "ko" da harshen Japan. Suna haɗuwa duk wata, su ci abinci tare, su tattauna aƙida, su tara gudummawa a aika wa Honganji. An ruwaito daga gare shi cewa a kowane ƙauye mutum uku ake nema: limami, da dattijo, da mai gari, in sun karɓa saura za su biyo. Ka ga ke nan ba daga ƙasa kawai ya fara ba, masu faɗa a ji na ƙauyen ya fara kamawa.

Duk wannan ya zo daidai lokacin da ƙasar ke wargajewa. Yaƙin Onin, daga 1467 zuwa 1477, ya mai da Kiyoto kufai, ya bar shogun, wato babban hafsan da ke riƙe da mulki da sunan Sarki, ba ya iya aika umarni nesa da ƙofar gidansa. Gwamnoni suka koma larduna, mataimakansu suka kifar da su, su ma barorinsu suka kifar da su. Waɗanda suka yi saura a sama su ne daimyo, sarakunan yaƙin da kake magana. Su kuwa na ƙasa, tun kafin wannan suna da dabarar kare kai da ake kira ikki. Kalmar ba tawaye take nufi ba tun asali, tana nufin haɗin kai a kan manufa ɗaya, tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Mutane kan taru a wurin bauta, su rubuta rantsuwa, su ƙone takardar, su zuba tokar a ruwa kowa ya kurɓa. A wasu takardun sukan sa hannu a da'ira don kada a san na farko da na ƙarshe. Ƙananan mayaƙa sun yi ikki, ƙauyuka sun yi, masu neman a yafe bashi sun yi a 1428, mutanen kudancin Yamashiro sun yi a 1485 har suka kori rundunoni biyu suka riƙe yankinsu shekara takwas. Abin da ya bambanta na mabiya Honganji, wanda aka sani da ikko-ikki, shi ne bai tsaya a kwari ɗaya ba. Mutumin Kaga da na Mikawa da na Kii ba su san juna ba, amma wasiƙa ɗaya suke saurara, kuma gida ɗaya suke aika wa kuɗi.

A Kaga aka fara gani. Togashi Masachika yana rigimar gado da ƙanensa Kochiyo, ya nemi taimakon mabiya Honganji, suka taya shi ya ci nasara a 1474. Da ya zauna daram sai ya juya musu baya, ya fara murƙushe su, domin sun soma hana kuɗin ƙasa. A 1488 suka yi masa zobe a ganuwarsa ta Takao, ya kashe kansa. Suka ɗora wani ɗan gidan Togashi a matsayin gwamna na jeka-na-yi-ka, amma mulki ya koma hannunsu, ya kuma zauna a can har 1580. An yi wa Kaga laƙabi da ƙasar da talakawa suka riƙe, kuma laƙabin ne ya sa mutane da yawa suke ɗaukar ta jamhuriyar manoma. Ni ban yarda da wannan karatun ba. Waɗanda suka jagoranci lamarin ƙananan mayaƙan karkara ne masu filaye, da masu gari, da manyan limamai, cikinsu har da 'ya'yan Rennyo da ke riƙe da manyan gidajen ibada na lardin. Daga baya Honganji ta riƙa turo wakilanta, musamman daga gidan Shimotsuma, kuma a 1546 aka gina cibiyar mulki a inda birnin Kanazawa yake yau. Manomi bai daina biyan haraji ba, mai karɓa ne ya canja. Amma kada mu rage musu abin da suka yi: lardi guda ya rayu kusan ƙarni ɗaya ba sarkin yaƙi a kansa, a zamanin da aka ɗauka hakan ba zai yiwu ba.

Shi kansa Rennyo bai so abin ya kai haka ba. A wasiƙunsa ya sha gaya wa mabiya su bi dokar masu mulki a fili, su biya haƙƙinsu, kada su zagi sauran ɗariƙu, su adana imaninsu a zuci. Ya bar Yoshizaki a 1475, ya kori makusancinsa da ke hura wutar rikicin, kuma bayan kisan Masachika ya rubuta wa mutanen Kaga wasiƙar faɗa. Amma bai kore su daga ɗariƙa ba duk da shogun ya nemi haka, gudummawarsu ma bai mayar ba. Daga nan Honganji ta zauna da ƙafa biyu, ɗaya a wa'azi, ɗaya a mulki.

In kana so ka ga abin da ke hana daimyo barci, dubi abin da ya sami Tokugawa Ieyasu, wanda daga baya ya zama shogun ya kafa gwamnatin Tokugawa, a Mikawa a 1563, yana ɗan shekara 20. Rigima ta tashi a kan haƙƙin da gidajen ibada ke da shi na hana jami'ansa shiga harabarsu. Da aka ja daga, sai ya tarar da barorin gidansa, waɗanda iyayensu suka yi wa kakanninsa hidima, da yawa sun tsaya a ɗaya ɓangaren. Su ma suna tsaka mai wuya, gaba kura baya siyaki: ubangidan duniya a nan, tsiran lahira a can. Sai a 1564 ya shawo kan lamarin, ya yi sulhu, sannan ya rushe gidajen ya kori limamai, ya haramta ɗariƙar a ƙasarsa kusan shekara 20. Ɗaya daga cikin waɗanda suka yaƙe shi, Honda Masanobu, ya dawo daga baya ya zama babban mashawarcinsa. Duk mulkin sarkin yaƙi ya ginu ne a kan abu ɗaya, cewa bara ba ya da wanda yake wa mubaya'a sai ubangidansa. Honganji ta zo da mubaya'a ta biyu, wadda kyautar gona ba ta saya, barazanar kisa ba ta warwarewa.

Yanzu mu zo ga Nobunaga. Ya shiga Kiyoto a 1568 da Ashikaga Yoshiaki, ya ɗora shi shogun. A lokacin hedikwatar Honganji tana Ishiyama, inda Osaka take yau, tun bayan da aka ƙone ta Yamashina a 1532. Ka cire hoton haikali daga ranka. Gari ne mai ganuwa da gwalalo, da unguwannin 'yan kasuwa da masu sana'a da aka ɗauke wa haraji, a bakin kogin Yodo, wato a maƙogwaron hanyar da ta haɗa Kiyoto da teku da yammacin Japan. Shugabansa Kennyo, na 11, yana da muƙami a fadar Sarki, kuma matarsa da matar Takeda Shingen, ɗaya daga cikin manyan abokan gaban Nobunaga, 'ya'yan mutum ɗaya ne. Ga amfanin gadon da na ce ka riƙe. Kennyo limami ne, amma a lissafin siyasa daimyo ne, kuma rundunarsa tana zaune a cikin ƙasashen sauran daimyo.

Nobunaga ya nemi kuɗin yaƙi "kan" 5,000 (ma'aunin kuɗin Japan na lokacin) daga Honganji, suka biya. Amma a 1570, yana yaƙi da gidan Miyoshi dab da Ishiyama, aka buga ƙararrawa cikin dare, mutanen Honganji suka far wa sansaninsa, Kennyo kuma ya aika wasiƙu larduna yana kiran mabiya su tashi. Kafin shekarar ta ƙare mabiyan Nagashima sun yi wa ƙanensa Nobuoki ƙawanya har ya kashe kansa. A shekarar ce kuma Enryakuji ta ba rundunonin Azai da Asakura, daimyo biyu masu yaƙi da Nobunaga, mafaka a kan dutse. Nobunaga ya aika musu: ko ku bi ni in mayar muku da filayenku, ko ku tsaya 'yan ba-ruwanmu, in ba haka ba zan ƙone ku. Ba su amsa ba. A shekara mai zuwa ya cika maganarsa. Ota Gyuichi, baransa da ya rubuta tarihinsa, bai ɓoye ba: malamai da waɗanda ba malamai ba, mata da yara, an fille kawunansu, gawawwaki dubbai. Tonon da masana suka yi a kan dutsen a ƙarni na 20 ya nuna gine-ginen da ke da alamar gobarar ba su kai yawan da ake faɗa ba, domin malamai da dama sun riga sun koma zama a garin Sakamoto a gindin dutsen. Wannan ya rage yawan gini, bai rage jini ba.

Nagashima ce ta fi tsaya mini a rai duk lokacin da na koma kan wannan tarihi. Wuri ne da koguna uku, Kiso da Nagara da Ibi, suke rarrabuwa kafin su faɗa teku, duk tsibirai da fadama, doki ba ya da amfani. Nobunaga ya kai hari a 1571 aka kore shi, aka kashe masa babban kwamanda, aka raunata wani kwamandansa, Shibata Katsuie. Ya koma a 1573, bai gama ba. A 1574 ya zo ta ƙasa da ta ruwa ya toshe ko'ina, ya bar yunwa ta yi aikinta wata uku. Da mutanen babbar ganuwar suka miƙa wuya suka fito cikin kwale-kwale, sai aka buɗe musu wuta. Wasu ɗari bakwai zuwa takwas da suka ga an ci amanarsu suka zare takubba suka kutsa cikin rundunarsa, suka kashe 'yan'uwansa da dama, har da yayansa Nobuhiro. Sauran ganuwa biyu, Nakae da Yanagashima, sai ya sa aka kewaye su da kafi riɓi-riɓi, aka cinna wuta ta kusurwa huɗu. Mutum kusan 20,000, maza da mata, suka ƙone. A wasiƙunsa kalmar da ya yi amfani da ita tana nufin yankewa daga saiwa.

Echizen ta biyo baya a 1575, kuma labarinta yana da darasi kan batun "manoma". Mabiya sun ƙwace lardin a 1574, Honganji ta turo musu gwamna daga gidan Shimotsuma, ya ɗora musu haraji da aikin gayya mai nauyi, har wasunsu suka tayar masa. Nobunaga ya same su a rarrabe. Ya rubuta wa wakilinsa a Kiyoto cewa garin Fuchu ya cika da gawa ba wurin sa ƙafa. A kangon ganuwar Komaru an tono wani tubalin rufi da wani ya karce rubutu a jikinsa tun yana ɗanye, yana roƙon na baya su karanta su ba da labari: Maeda Toshiie, kwamandan Nobunaga, ya kama mutum kusan dubu, an gicciye wasu, an dafa wasu a tukunya.

Ita Ishiyama ba ta faɗi da ƙarfin tuwo ba. Tana da 'yan bindigar Saika daga lardin Kii, waɗanda suna cikin gwanayen harbi na zamanin, shekara talatin kacal bayan Turawan Fotugal sun kawo bindiga tsibirin Tanegashima a 1543. A 1576 harsashi ya sami Nobunaga a ƙafa a Tennoji. A shekarar jiragen ruwan gidan Mori, daimyo na yammacin Japan masu goyon bayan Honganji, suka ƙone nasa a bakin kogin Kizu suka shigar da abinci. Akwai tutar da ta saura daga wannan yaƙi, an rubuta a jikinta cewa wanda ya ci gaba aljanna, wanda ya ja da baya wuta. Shinran da ya ce ba aikin da ke sayen tsira, da ya ga wannan tuta da bai gane koyarwarsa ba. A 1578 Kuki Yoshitaka, kwamandan jiragen Nobunaga, ya zo da manyan jirage shida masu igwa, waɗanda aka ruwaito an lulluɓe su da ƙarfe, ya kori jiragen Mori. Shingen ya riga ya mutu a 1573, Uesugi Kenshin, wani babban abokin gaban Nobunaga, ya bi shi a 1578. Ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A 1580 fadar Sarki Ogimachi ta shiga tsakani, Kennyo ya fice zuwa Kii, ɗansa Kyonyo ya ƙi fita sai bayan wata huɗu, kuma yana fita gobara ta cinye garin.

To, ƙin addini ne? A'a, kuma hujjojin suna da yawa. Mutumin da ya ƙone Nagashima shi ne ya yafe wa Kennyo, ya bar ɗariƙar ta ci gaba da ibadarta muddin ta ajiye makami ta bar ganuwa. Reshen Takada, su ma mabiya Shinran ne, a ɓangarensa suka tsaya a Echizen, kamar yadda suka tsaya wa Ieyasu a Mikawa. Ya ba da kuɗin gyaran manyan wuraren bauta irin su Ise da Iwashimizu, ya gina haikali a cikin fadarsa ta Azuchi, ya bar 'yan mishan su gina coci a Kiyoto da makaranta a Azuchi. Ko Honnoji, inda kwamandansa Akechi Mitsuhide ya ci amanarsa ya rutsa da shi har ya mutu a 1582, gidan ibada ne da ya saba sauka. Hoton Nobunaga mai raina abubuwan bauta ya fi fitowa daga alƙalamin Luis Frois, ɗan mishan na Fotugal, wanda ke murnar ganin an karya abokan hamayyarsa. Abin da Nobunaga bai lamunta ba shi ne wani ya kasance da ƙasa da makami da ikon hana jami'insa shiga, ko mai carbi ne ko mai takobi. Ba a sarki biyu zamani ɗaya, shi ne duk aƙidarsa a wannan fage.

Me ya sa to ya fi yi wa mabiya kisan ƙare-dangi fiye da sauran abokan gaba? Domin in ka ci daimyo da yaƙi, kansa kake cirewa, barorinsa su yi maka caffa, ƙasar ta zama taka da mutanenta. Ikki ba ta da kai ɗaya da za a cire a wurin. Ka watsa su bana, baɗi wasiƙa ta zo daga Ishiyama su sake haɗuwa. Wannan shi ne lissafinsa, kuma na kawo shi don ka fahimta, ba don in wanke shi ba. Harbin wanda ya miƙa wuya da ƙone mata da yara a cikin kafi zalunci ne, kuma ko a ma'aunin zamaninsa mutane sun ga haka.

Toyotomi Hideyoshi, kwamandan Nobunaga da ya gaji ikonsa, ya ƙarasa aikin. Ya gina ganuwar Osaka a kan tokar Ishiyama daga 1583. A 1585 ya ƙone gidan ibadar Negoroji ya karya Saika, malaman dutsen Koya da suka ga gemun ɗan'uwansu ya kama da wuta suka shafa wa nasu ruwa, suka miƙa makamai. A 1588 ya ba da umarnin karɓe takubba da mashi da bindigogi daga hannun manoma, yana cewa za a narke su a yi ƙusoshin ginin wani katafaren gunkin Buddha, don masu su su sami lada. Ya sa aka auna gonaki, aka rubuta sunan wanda ke noma kowace da abin da zai biya. Ƙaramin mayaƙin karkara, wanda shi ne ƙashin bayan ikki, dole ya zaɓa: ko ya koma birnin ubangida ya zama soja mai albashi, ko ya zauna ƙauye ba takobi. Sannan ya ba Honganji fili a Kiyoto a 1591. A 1602 Ieyasu ya ba Kyonyo wani filin daban, sai saɓanin da ya fara tsakaninsa da mahaifinsa Kennyo tun ranar barin Ishiyama ya zama gida biyu, na Yamma da na Gabas, kuma haka suke har gobe.

Sau ɗaya abin ya sake tashi da girma, da wata tuta daban. Yankin Shimabara da tsibiran Amakusa a Kyushu tsofaffin ƙasashen daimyo Kiristoci ne, Arima da Konishi. Bayan haramta Kiristanci a 1614, sababbin iyayen gida, Matsukura a Shimabara da Terasawa a Amakusa, suka haɗa wa jama'a azaba biyu: tilasta barin addini, da haraji fiye da abin da ƙasar ke bayarwa, ga shekarun fari a kai. Tura ta kai bango a ƙarshen 1637. Mutum wajen 37,000, har da mata da yara, suka shige tsohuwar ganuwar Hara ƙarƙashin wani yaro ɗan kimanin shekara 16, Amakusa Shiro, tsofaffin mayaƙan da suka rasa ubangida suna tsara musu yaƙi. Kwamandan farko da gwamnati ta turo, Itakura Shigemasa, a nan ya mutu. Aka tara runduna sama da 120,000, aka sa jirgin Turawan Holan ya yi ta harba igwa daga teku, aka jira abincinsu ya ƙare. A watan Afrilun 1638 ganuwar ta faɗi, kusan ba wanda aka bari da rai. Masu tono a wurin sun sami ƙasusuwa tare da ƙananan gicciye da aka ƙera da dalmar harsashi. Gwamnati ta san laifin wa ne, domin ta fille kan Matsukura Katsuie, hukuncin da ba a saba yi wa daimyo ba. A 1639 ta kori Turawan Fotugal gaba ɗaya.

Bayan Shimabara aka tsaurara dokar da ta wajabta wa kowane gida a Japan ya yi rajista da wani gidan ibadar Buddha, limami ya ba da takardar shaida cewa mutanen gidan ba Kiristoci ba ne. Ana neman wannan takarda wajen aure da tafiya da ƙaura da neman aiki. Gidajen Honganji biyu, masu dubban rassa a ƙauyukan Kaga da Echizen da Mikawa, suna cikin waɗanda suka fi kowa riƙe wa gwamnatin Tokugawa wannan rajista, kuma sun riƙe ta har farkon shekarun 1870.